Kafin Mu Sayi Iyafis da Fawa Banki Don Tafiyar Hutu

 Hutu ya ƙarato, kuma da yawa daga cikinmu za mu hau motar KTSTA ko ta tasha, wasu Kano, wasu Kaduna ko Abuja, wasu kuma Maraɗi wajen dangi ta hanyar Jibiya. A makaranta an hana mu riƙe waya, amma da an ba da hutu sai ta dawo hannu, kowa ya fara neman iyafis da fawa banki da 'yan kuɗin da ya tara. To mu duba yadda za mu saya ba tare da mun yi asarar kuɗi ko ta kunne ba.

Mu fara da iyafis. Iri biyu ne a kasuwa, mai waya da mai Bluetooth. Mai Bluetooth ya fi ɗaukar ido, sai dai shi ma caji yake so, kuma idan ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙarƙashin kujerar mota tsakanin Kankiya da Bichi, da wuya a sake ganinta. Mai waya ya fi sauƙin kuɗi, ba ruwansa da caji, sannan a yawancin wayoyinmu shi ne eriyar rediyo. Duk mai son sauraron Companion FM ba tare da ya ƙona data ba, mai waya zai nema. Amma mu duba gindin wayarmu tukuna, domin wasu sababbin wayoyi ba su da ramin iyafis, sai na caji kaɗai.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ya zauna daram a kunne. Iyafis mai robar da ke toshe kunne yana tare ƙarar inji da iskar taga. Wanda bai zauna daidai ba kuwa, ƙarar mota za ta riƙa shiga, mu kuma mu yi ta ƙara murya har ta kai ƙarshe. Nan ne matsalar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu da ke karɓar sauti, idan ƙara ta lalata su ba sa sake tsirowa. Shawarar masana ita ce kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma a riƙa cire iyafis ana hutar da kunne. Idan na kusa da mu yana jin abin da muke saurare, ko muka cire muka ji kunne yana ƙugi, to mun wuce gona da iri. Ɗalibin da jinsa ya ragu, bayanin malami a aji ma sai ya riƙa wuce shi.

Sai fawa banki. Lambar da ake rubutawa a jikinsa, kamar 10,000mAh, ba duka take shiga waya ba, domin kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a wajen sauya wuta da zafi. Saboda haka wayar Tecno ko Infinix mai batirin 5,000mAh, mai 10,000 zai cika ta sau ɗaya ne da ɗan ƙari. Wannan ya wadatar a tafiyar Kano ko Daura. Mai zuwa Abuja, ko ƙauyen da wuta ke wuya, gara ya nemi mai 20,000. Idan muka ga ɗan ƙarami mara nauyi an rubuta masa 50,000 kuma ana sayar da shi a banza, mu tuna araha ba ta ado. Batiri na gaske yana da nauyi. Wasu kamfanoni, irin su Oraimo, suna sa lambar da ake kankarewa a jikin kwali don tantance na ainihi. Mu duba ta, mu gwada kayan da wayarmu a gaban mai shago, mu kuma karɓi rasit.

Zafin garinmu ma abin lura ne. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, batiri kuma ba ya shiri da zafi. Kada mu ajiye fawa banki a gaban mota inda rana ke dukansa, kada mu tura shi ƙarƙashin matashi yana caji. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta. Masu bin jirgi daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua su sani, a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin akwatin da za a loda.

Ƙananan abubuwa ma mukan manta da su. Wayar caji ta dace da bakin wayarmu, USB-C ne ko tsohon ƙaramin baki. Masu zuwa Nijar su nemi adafta, domin soket ɗin can galibi mai rami biyu ne irin na Faransa, kan cajarmu mai ƙafa uku ba zai shiga ba. Karatun Alƙur'ani, darussa da tambayoyin WAEC da NECO na baya, mu sauke su tun a gida, saboda sabis yakan ɗauke a hanya.

A tasha da lokacin tsallaka titi, mu cire iyafis gaba ɗaya, don mu ji hon ɗin mota da na Keke Napep, mu kuma lura da aljihunmu. A cikin mota mu bar kunne ɗaya a buɗe saboda kiran kwandasta ko maganar babba. Kada kuma mu cinye caji a kallon bidiyo, mu rage wanda Baba da Mama za su same mu da shi su ji inda muke.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.