Uwar Amarya, Ina Hasken Ɗakin?

Yau dai sai kun yi haƙuri da ni, domin maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman iyayenmu mata masu haɗa kayan ɗaki. Amma gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wutar lantarki suka lalace, muka shafe kwana da kwanaki cikin duhu, akwai wata amarya a maƙwabtanmu da ko wata biyu ba ta yi da tarewa ba. Ranar jere na shiga ɗakinta, wallahi sai da na riƙe baki. Kujeru saiti biyu, firji har biyu, talabijin kamar ƙofar ɗaki, ga tangaran maƙil a kabet wanda har ta tsufa ba za ta ci abinci a rabinsa ba. Amma da duhun nan ya zo, naman da ke firjinta ruɓewa ya yi aka zubar, ita kuwa kullum da magariba sai ga almajirinta da waya a hannu, wai a taimaka a sa mata caji a ɗan akurkin ɗakina.

Ni me nake da shi? Faifan sola biyu a kan kwano, batir ɗaya da ƙaramar inbata, waɗanda na saya da kuɗin adashi da ɗan abin da littafina ya kawo. Da su nake rubutu cikin dare, da su yarana ke bitar karatu, fanka na juyawa.

To don Allah Hajiya uwar amarya, ina amfanin ki ci bashi ki cika wa 'yarki ɗaki da kayan wuta, alhali wutar ba a hannunki take ba? Don dai 'yan ganin ɗaki su ce an yi bajinta? Su fa kwana ɗaya za su yi su watse, ita za a bari da zafi da sauro.

Na san abin da za a ce, wai wuta ai aikin miji ne, ya sayi janareto. Haba! Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, magidanci nawa ne ke iya tayar da inji kullum? Ga ƙara mai hana maƙwabta barci, ga hayaƙin da ke kashe mutane cikin barcinsu in an kusantar da shi ɗaki. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita kyauta, har kuka muke da yawanta.

Wasu kuma su ce sola ta masu kuɗi ce. Ƙawata, lissafa ankon da kika yi bara, da kuɗin cajin waya, da ƙanƙarar da kika saya da azumi, sannan ki dawo mu yi magana.

Sai dai ba zan rufe ku ba, sola ba ta son ganganci. Babban batirin nan na ruwa mai lamba 200, rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a sha, in ana so ya yi ƙarko. Rabin nan zai riƙe miki ƙwan fitila uku marasa jan wuta, da fanka ɗaya da ƙaramar talabijin, na wajen awa goma. Amma dutsen guga ɗaya yana jan wat dubu ko fiye, cikin awa guda zai lashe shi tas. Don haka guga da hita da tukunyar lantarki ba hurumin ƙaramar sola ba ne, ki koma wa dutsen gawayinki. Mai son firji sai ta ƙara faifai da batir. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar faifan da sassafe, domin ƙura na tare hasken. A riƙa duba ruwan batir, kuma ruwansa na musamman ake zubawa, ban da na rijiya ko na famfo. A ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara. Mai hali ta sayi na litiyam, ya fi tsada amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Kuma a guji tsohon batir da aka yi wa fenti, araha ba ta ado. Ni kaina an taɓa yi mini wannan cutar, wata huɗu ya mutu murus.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. A rage saitin kujera ɗaya, a rage tangaran, a sa wa yarinya haske a ɗakinta. Ke ma budurwa ki buɗe baki ki gaya wa Umma abin da kike so tun kafin a tafi kasuwa, kunya ba za ta yi miki fifita ba a watan Afrilu.

Wadda maganata ta ɓata wa rai ta yafe ni. Allah Ya haskaka mana gidajenmu da zukatanmu, amin.