Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate: A Mayar Wa Masu Jini Da Labarin Jininsu



Na rubuto ne a kan binciken ƙwayoyin gado da ake yi da jinin 'yan Najeriya, da kuma inda sakamakonsa ke ƙarewa.

Masananmu sun fidda mu kunya a wannan fage. A watan Maris na 2020, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanta cikakken tsarin halittar ƙwayar cutar korona a nahiyar Afirka. A cikin shekarar ne kuma masu binciken shirin H3Africa suka wallafa a mujallar Nature nazarin da suka yi wa mutum 426 daga ƙabilu 50, har da Birom na Filato, suka gano bambance-bambancen gado sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba.

To amma wa ya karanta? An rubuta da Turancin da ko likita sai ya natsu kafin ya fahimta, an tattauna a tarukan da sai mai biza da kuɗin jirgi ke halarta. Matar da ta miƙa hannu aka ɗebi jininta a asibiti, aka ce ta dangwala yatsa a takardar amincewa, ba ta sake jin ɗuriyar maganar. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai.

Ranka ya daɗe, kai ba baƙo ba ne ga illar wannan shiru. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Raunin da wannan ya bari yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003. Lokacin da ka shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko, sarakuna ka tunkara, aka zauna aka yi wa mutane bayani da harshensu, sannan aka soma buɗe wa masu allura ƙofa. Binciken gado ya fi allurar rigakafi saurin tayar da zargi, domin ya taɓa asali da zuri'a da aure. Ƙasar da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, wadda Jihar Kano ta riga ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, ba za ta iya barin wannan ilimi a kulle cikin mujallu ba.

Roƙona na farko shi ne kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatarka, ya sanya sharaɗi: ba za a ba wa binciken gado izini ba sai masu shi sun nuna yadda za su koma wurin al'ummar da suka ɗebi jininta da sakamako. A taƙaita shi cikin Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, a karanta a rediyo, a zauna a asibitin da aka yi aikin mutane su yi tambaya a amsa musu, ko da sakamakon bai gano komai ba.

Sai batun kuɗin wallafa. A 2021 Nature ta yanka Yuro 9,500 ga duk maƙalar da ake so kowa ya karanta kyauta. Malamin jami'armu bai kamata ya zauna jiran rangwamen mai ɗab'i ba. Ma'aikatarka da TETFund za su iya ware asusu na wannan, bisa sharaɗin a ajiye kwafin kowace maƙala a rumbun intanet na ƙasa.

Akwai kuma aikin tace bayanan da kwamfuta. Wanda ya tace bayanai shi ke rubuta maƙala, sunansa ke zuwa gaba. Muddin muna aika samfuri waje muna jiran a aiko mana da fassararsa, 'ya'yanmu a Kano da Zariya da Maiduguri za su ci gaba da zama masu ɗibar jini kawai. Suna buƙatar manyan kwamfutoci, da wutar da ba ta ɗaukewa, da horo, kuma ina roƙon a sa waɗannan cikin kasafin ma'aikatar na shekara mai zuwa.