Jif Ɗin Iyali da Kwanan Daji: Lissafin Lodi Kafin Sayen Kaya

Babbar jif mai kujeru bakwai ko takwas, irin su Toyota Land Cruiser da Nissan Patrol da Toyota Sequoia, an ƙera ta ne don aiki biyu: ta kai yara makaranta a kan kwalta, ta kuma bi burji da rairayi idan tafiya ta kama. Bodinta a kan shasi na ƙarfe yake zaune kamar na babbar mota, kuma yawancin irinta tayoyi huɗu ne ke ja, da giyar ƙarfi ta musamman don hawa da laka. Mayar da ita motar da iyali za su shiga daji da ita, su ya da zango su kwana a gefenta, sana'a ce da ta bunƙasa a Ostareliya da Afirka ta Kudu da Amurka. Kamfanin ARB, wanda aka kafa a birnin Melbon a 1975, da irin waɗannan kaya ya yi suna. Hotunan motocin da aka shirya haka suna ɗaukar ido, kuma mai sha'awa yakan fara da tambayar abin da zai ɗaura wa motarsa. Tambayar da ta kamata ta riga wannan ita ce kilo nawa motar za ta iya ɗauka.

Kowace mota tana da iyakar nauyi da masana'anta suka yanke mata, kuma ana samun adadin a ɗan allon da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin littafinta. Land Cruiser samfurin 200, wadda aka yi daga 2007 zuwa 2021, misali ce mai kyau. Ita kaɗai, ba kowa ba komai a ciki, tana kai kilo 2,600 zuwa 2,700, iyakar da aka yarda ta kai kuwa kimanin kilo 3,300 ne. Abin da ya rage wa mutane da kaya bai wuce kilo 600 zuwa 700 ba, duk girman da ido ke gani. Bamba ta ƙarfe da injin jan mota suna cin kusan kilo 100. Kariyar ɗaukar kaya ta saman rufi da tantin da ake ɗorawa a kai su ci wajen 90. Firji cike da abinci da batir na biyu su ci 60 ko fiye. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, don haka lita 60 kilo 60 ke nan, jarka biyu ta man gas kuma ta haura 40. Idan miji da mata da yara huɗu suka shiga, an ƙara wajen kilo 300. Mota ta riga ta cika, ba a sa buhun shinkafa ba, ba a sa tukunyar gas ba, balle akwatin sifana. Wannan ne ya sa a Ostareliya ake da tsarin da injiniya ke canza wa mota ƙafafu, hukuma ta amince a ɗaga iyakar a takarda. Inda babu irin wannan tsari, birki da bodin aksul ne ke biyan bashin.

Aikin farko gyara ne. Motar da aka sayo ta hannu, 'yar Kwatano ko wadda ta shekara goma tana zirga-zirgar gari, tana da ciwon da kwalta ke ɓoyewa, gargada ta tona. Lagireto da tiyoyinsa da fanbel da famfon ruwa su ne kan gaba, domin tafiya a hankali cikin rairayi da lodi ita ce ta fi dafa inji. Sai birki, da boris na ƙafafu, da man giya. Ba abin mamaki ba ne a tarar giyar ƙarfi ta maƙale saboda ba a taɓa sa ta ba, ko wani makanike ya cire furofelar gaba don ya huta da wata ƙara, mota ta koma ja da baya kawai mai ita bai sani ba. Kuɗin da aka kashe a nan ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Bayan gyara sai taya, kuma babu kayan da ke biyan kuɗin sabulu kamarta. Manyan rim masu inci 20 da siririyar taya na gayu ne. Dutse ɗaya ya isa ya tsaga gefenta. Rim mai inci 17 ko 18, gwargwadon abin da birkin motar ya bari, yana ba da wurin taya mai kauri, irin wadda aka rubuta wa LT, mai ƙarfin gefe da ke jure ƙaya da tsakuwa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. A kasuwar da gwanjon taya ya yi yawa, wannan karatun ya fi duba zane amfani. Sirrin rairayi kuma rage iska ne. Tayar da ke tafiya da awo 35 a kwalta ana sauke ta zuwa 18 ko 20, ta baje, ta hau kan yashi maimakon ta haƙa rami. Da an dawo hanya mai tauri dole a mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Saboda haka ƙaramin injin ba da iska da geji da kayan faci suna cikin abin da ba a bari a gida, ga kuma safaya mai girma ɗaya da sauran.

Ɗaga mota shi ne inda sha'awa ta fi rinjayar hankali. Sifirin da shokozoba masu ɗaukar lodi, da ɗagawa ta kimanin inci biyu, sun ishi tafiyar iyali. Wuce haka yana karkatar da sandunan da ke juya ƙafafun gaba har su riƙa ci da wuri, yana kuma ɗaga tsakiyar nauyin motar, ta zama mai saurin kifewa a kwana ko gefen tudu. Abu biyu ake yawan mantawa. Sifirin mai ƙarfi yana hana bayan mota zama, amma bai ƙara wa birki ko aksul ƙarfi ba. A motar da aksul ɗinta na baya sanda ɗaya ce kuma, ɗagawa ba ta nisanta tukunyar aksul daga ƙasa. Tsayin taya ne kawai ke yin haka.

Farantin ƙarfe da ke kare ƙasan inji da tankin mai ya cancanci nauyinsa. Babbar bamba kuwa sai an yi tunani. A Ostareliya dabbar kangaru da ke faɗo wa hanya da dare ce ta sa ta zama dole. Bambar da mai walda ya haɗa da bututu a bakin titi tana iya rikita na'urar da ke tayar da balan-balan ɗin kariya lokacin haɗari, ta kuma tare wa lagireto iska. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa zuwa saman gilashi ya fi amfani wajen rage ƙurar da inji ke sha, musamman ga motar da ke bin bayan wata. Yana hana ruwa shiga inji a mashigi, amma wayoyi da kwamfutar mota suna nan a ƙasa, kuma kogin da ya kawo da damina yana ɗauke mota ko da bututu ko babu.

Kayan fitar da mota idan ta kafe masu arha sun fi masu tsada aiki: shebur mai dogon hannu, allunan da ake sa wa taya, jak da katakon da zai zauna a kai, da igiyar ja mai ƙarfi. Igiyar a wurin da aka tanada a jikin shasi ake ɗaura ta. Ƙwallon jan tirela, idan aka ɗaura ta a jikinsa, ya sha ɓallewa ya tashi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane. Injin ja ana zaɓar mai ƙarfin da ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin mota da lodinta, sai dai yana buƙatar abin da za a ɗaure shi a jiki, kamar bishiya. A hamadar Tenere ta Nijar bishiya ɗaya tilo ce ta yi suna, ita ma wata babbar mota ta buge ta a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai. A irin wannan wuri sai dai a binne safaya cikin yashi a ɗaura mata igiya, ko a jira mota ta biyu.

Wajen kwana da girki, ƙa'idar ita ce abu mai nauyi ya zauna ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Cire kujerun layi na uku yana rage nauyi ya buɗe wuri, idan yawan iyali ya bari. Raga ta ƙarfe tsakanin kaya da fasinja tana hana firji ko tukunya faɗo wa yara idan an taka birki da ƙarfi. Tantin saman mota yana nisanta mutane daga maciji da kunama da laima, amma yana ɗora kilo 50 zuwa 80 a wuri mafi muni, rufin mota ma yana da tasa iyakar, kuma duk lokacin da za a je ɗebo ruwa sai an naɗe shi. Ga iyali mai mutum shida, tantin ƙasa da gidan sauro sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Firji a batir na biyu ake haɗa shi, da na'urar da ke raba shi da batir ɗin tayar da mota, don kada gari ya waye inji ya ƙi tashi. Faifan sola yana cika shi idan zango ya yi tsawo. Gawayi da janareta ba sa shiga tanti ko mota, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma cikin barci take kisa.

Duk abin da aka ƙara yana bin motar zuwa gari. Taya mai kauri da kariya da lodi suna ƙara shan mai kullum, birki yana buƙatar tazara mai tsawo, wasu ƙofofin gareji kuma ba sa shiguwa. Irin injin ma abin dubawa ne. Tsohon injin gas na Toyota mai lita 4.2 kusan kowane makanike a Agadas ya san cikinsa, yayin da sababbin injunan gas masu kwamfuta ba sa yafe gurɓataccen mai, don haka ƙarin matatar mai ta fi fitilun ado muhimmanci. Masu bin hanyar Dirku da Bilma da Hilux da Land Cruiser samfurin 70 ba su cika ɗaura kayan kanti ba. Mai da ruwa da safaya da sanin hanya suke ɗauka.

A Najeriya, wuraren da irin wannan shiri ke da amfani sun haɗa da gandun Gashaka Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, da hanyoyin ƙauyukan tsaunin Mambila, inda laka da hawa suka fi rairayi zama matsala, kuma damina ke rufe wasu hanyoyin gaba ɗaya. Halin tsaro ya sa kwana a dajin da ba a sani ba ya fita daga lissafi a yankuna da dama; izinin hukumar gandu, ɗan jagora na wurin, da tafiya da mota biyu suna cikin shirin kamar taya. Kafin doguwar tafiya, ana loda motar yadda za ta tafi, da mutanenta da ruwanta da cikakken tanki, a hau da ita sikelin manyan motoci, a auna gaba daban, baya daban, a gwada da adadin da ke jikin ƙofa. Abin da ya haura sai a sauke, a fara da na saman rufi.