Wai kwamfuta ba ta kuskure? Ku tambayi masu hamza a sunansu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya bayan lakca na baro Gidan Kwano, na hau bas zuwa Bosso, na zauna a wani kafe don cike fom ɗin wani tallafin karatu da za a rufe washegari. Sunan mahaifina yana da hamza a tsakiya, irin ta su Mu'azu, Shu'aibu, Isma'il. Na rubuta shi yadda yake a takarduna, shafin ya yi ja, wai akwai alamar da ba a yarda da ita ba. To, na cire hamzar, ya karɓa. Da aka zo wajen tantancewa sai ya ce sunan bai yi daidai da na katin shaidata ba. Da hamza ba shiga, babu hamza ba shiga. Gaba kura, baya siyaki. Mai kafen ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, sai dai fa ka je kotu ka yi afidabit." Wato ni zan je in rantse cewa ni ne ni. Kafin in kai ga hakan an rufe shafin, kuɗin da na sa rai zai biya mini hayar ɗaki ya wuce.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kwamfuta nake karanta, na san daga ina cutar take. A yaren SQL da ake magana da rumbun bayanai, wannan 'yar alamar ita ke nuna farkon rubutu da ƙarshensa. Idan mai haɗa manhaja ya yi sakaci, kwamfuta na karanta "Mu" ta ga alamar, sai ta ɗauka sunan ya ƙare, sauran "azu" ya zame mata shirme. Maganin wannan sananne ne, ana koyar da shi a darasin rumbun bayanai, aikin 'yan mintuna. Amma malalaci ba zai gyara ba, sai kawai ya haramta alamar. Shi ya huta, duk wata Asma'u da Sa'adatu da Rabi'u a Arewa su shiga uku. Ba mu kaɗai ba ne ma, mutanen Ireland masu suna irin O'Brien sun daɗe suna wannan kukan.

Haruffanmu masu ƙugiya kuwa ba a magana. Tsohon tsarin ASCII da aka yi a Amurka a shekarun 1960 alamomi 128 kacal gare shi, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Amma tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ɗauke su. Sama da shekara 30 ke nan, har yau ka rubuta Ɗanladi a wani fom ya fito maka da alamar tambaya ko ɗan akwati. Mun saba har mun daina gani, mun yarda kafa da ƙafa duk ɗaya ne.

Sai batun akwatin "sunan dangi". Wanne ne sunan danginka? Yawancinmu sunan yanka ne da sunan uba, wani ya ƙara na kaka, wani na gari, Kontagora ko Bida ko Zuru. Malamin firamare ya jera su yadda ya ga dama, a sakandare aka juya, banki ya juya nasa. Muhammad ɗaya sai ya zama mutum huɗu: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Moh'd. Duk ma'aikacin da ya tashi a Minna ya san mutum ɗaya ne. Manhajar da aka tsara don ta gwada harafi da harafi ba ta sani ba, saboda wanda ya tsara ta bai taɓa tunanin irinmu ba.

Ni ba maƙiyin fasaha ba ne. Yayyenmu da suka yi rijista da fayil a hannu suna bin ofis-ofis a cikin zafin Minna na watan Maris ba za su so a koma can ba. Kuma duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san kuskure dole ne. Rigimata da abin da ke biyo bayan kuskuren ne: wa ake ɗora wa laifi, wa ke biyan kuɗi? Kullum ɗalibi. An cire maka kuɗi, alat ya shigo, shafi ya ce ba ka biya ba. Ka je ofis a ce, "Abin da sistem ya nuna ke nan." Shi ke nan, an rufe magana, kamar sistem ɗin waliyyi ne.

Ku tuna jarrabawar JAMB ta 2025. Sakamako ya fito, sama da mutum miliyan 1.5 sun kasa kai maki 200. Nan da nan aka hau yara da faɗa, ba sa karatu, TikTok ya lalata su. Sai da iyaye da malamai suka tada jijiyar wuya aka duba. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ce ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Ni dai na yaba masa da ya amsa, ba kowa ke iyawa ba. Amma ku lura, an gano ne don mutanen suna da yawa kuma sun yi ihu tare. Da mutum 40 abin ya shafa a wata cibiya a ƙauye fa? Da yanzu suna gida ana ce musu daƙiƙai.

A Birtaniya abin ya fi haka muni. Manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu da gidan waya ke amfani da ita ta riƙa nuna giɓin kuɗi na ƙarya. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu kula da rassan gidan waya sama da 900, wasu har kurkuku, saboda an fi yarda da allon kwamfuta a kan bakin mutum. Sai a 2024 aka yi dokar wanke su. Kowannensu an bar shi yana zaton shi kaɗai ne ke da matsalar.

Nan ne nake ganin namu sakacin. Kowa na shan tasa wahalar shiru, ya ce netwok ne, ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma akwatin da ya ƙi karɓar hamza wani ne ya zauna ya rubuta shi, kuma an biya shi. Don Allah idan shafi ya yi maka gardama ɗauki hoton allon da kwanan wata, ajiye rasit, tambayi 'yan ajinku ko akwai wanda ya ga irinsa. Ƙorafin mutum ɗaya a aljihun tebur yake kwana, na mutum 50 da hujja dole a karanta. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban jihohi da ke iya tara kuɗin walimar yaye ɗalibai za su iya tara wannan ma. Kuma duk hukumar da ta mayar da hidimarta intanet, wajibi ne ta ajiye mutum mai rai da ke da ikon gyara, ba wanda zai ce ka dawo gobe ba.

Mu kuma 'yan kwamfuta, musamman masu aikin kammalawa bana, mu ne za a ba kwangilar irin waɗannan shafuka gobe. Na ga ayyukan abokai da dama, sunan gwajin kullum John Doe ne. Haba jama'a! Sa Sa'adatu Ɗanjuma ka gani ko zai wuce. Gwada shi a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, da data ta naira 100, a lungun hostel inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Na gwada nawa aikin daren jiya da sunan mahaifina. Wallahi shi ma ya ƙi karɓa. Sai ƙarfe biyu na dare na gama gyara shi.