Wasiƙa Zuwa ga Masu Zana Katun na Abuja

'Ya'yana da ƙannena masu zanen katun, da masu sa masa murya, da masu tallata shi.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in sauke wannan nauyi tukuna. Kuna aiki a garin da kuɗin haya ke karya ƙaramin sutudiyo, wuta ta zo ta ɗauke, janareta ya shanye ribar wata, amma kuna nan gaban kwamfuta har asuba kuna motsa kunnen zomo. A nan Abuja Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a 2010, yaranmu suka ga masu kama da su a allo. A 2020 kuma Lady Buckit and the Motley Mopsters ya shiga sinima, dogon fim ɗin katun na farko da aka yi a Nijeriya. Allah ya ƙara basira. Yabon ke nan, sauran wasiƙar ƙorafi ne, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wata ɗabi'a da ta kama ku, tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar an zana dabbobi masu manyan idanu suna magana, sai ku manna wa fim ɗin "na yara", ko "domin dukan iyali", shi ke nan kun wanke hannu. Wane yaro? Ɗan shekara uku da har yanzu ake ɗaura wa takalmi, ko ɗan shekara goma da ya iya sarrafa wayar ubansa fiye da uban? Tsakaninsu akwai tafiya mai nisa, amma kun zuba su a kwando ɗaya.

A hutun Sallah na ga abin da idona a wani sinima a nan gari. Layin gabana wata mata ce da 'ya'yanta, ƙaramar ba ta wuce 'yar nazare ba, an yi mata kitso da lalle, tana riƙe da gugguru. Aka kashe fitilu. Da farko dariya take yi, tana nuna ɗan barewa da yatsa. Sai daji ya yi duhu, idanun kuraye suka kunno jajur, sautin ya tashi har kujera na rawa. Yarinyar ta saki guggurun, ta cusa kai cikin hijabin uwarta. Uwar na bubbuga bayanta tana cewa, "Ke, katun ne fa, ba gaske ba ne." Yayanta yana ta ƙyalƙyala dariya. Ita kuwa ba ta ƙara ɗago kai ba har aka tashi.

Uwar ba ta yi laifi ba, talla ta gani an ce na yara ne. Kuma maganar da ta faɗa ba ta aiki a kan mai waɗannan shekarun. Farfesa Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ta daɗe tana nazarin abin da ke firgita yara a talabijin. Ta nuna cewa ƙananan yara siffar abu ce ke tsorata su, ko da abin mai kirki ne a cikin labarin. A shirin The Incredible Hulk, lokacin da jarumin ke rikiɗa ya zama ƙaton kore ne ƙanana suka fi razana, alhali ceto ya zo yi. Faɗa musu cewa ba gaske ba ne kuma bai cika yi musu magani ba, domin ba su gama rarrabe gaske da zane ba. Wato ku da kuke ɓata mako guda kuna gyara haƙoran kura su yi sheƙi, ku san wanda kuke gyara wa.

Sai maganar kashe uwa, ita ce ta fi damuna. An sha kawo mini labarin fim in duba, kafin shafi na uku maharbi ya harbe uwar barewa, ko ambaliya ta tafi da uwar zomo. Na san inda kuka samo. A Bambi na 1942 maharbi ya kashe uwar. A The Lion King na 1994 ƙanin Mufasa ya jefa shi ƙarƙashin garken namun daji, ɗansa ya zo yana taɓa gawar yana kiransa ya tashi. A Finding Nemo na 2003 wani mugun kifi ya hallaka uwar tun ba a yi nisa da farawa ba. A 2014 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga binciken da ya kwatanta fitattun fina-finan katun na yara da na manya, aka tarar manyan 'yan wasa a na yaran sun fi yawan mutuwa, ninki biyu da rabi. Dabarar tana aiki, ban musa ba: maraya yana jan tausayi, labari ya samu ƙafa. Amma waɗancan kamfanoni ɗakin kallo cike da manya masu sayen tikiti suke yi wa fim. Shi ɗan shekara huɗu duniyarsa gaba ɗaya uwarsa ce. Da safe idan aka ajiye shi a ƙofar makaranta kuka yake yi don yana shakkar ko za ta dawo. Wannan yaron za ku nuna wa cewa uwa tana fita kiwo ta ƙi dawowa, sa'an nan ku bi shi da waƙa da rawa?

Ko Turawan sun sha gyara kuskurensu. Watership Down na 1978, labarin zomaye ne, amma jini da yage-yage ne a ciki. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta ba shi shaidar kowa na iya kallo, iyaye suka yi ta kai ƙorafi, sai bayan shekara arba'in da 'yan kai aka mayar da shi na kallo tare da iyaye.

Na san abin da za ku ce. "Baba, tatsuniyoyinku fa? Dodo ba ya haɗiye 'yan mata? Kura ba ta cin mutane?" Tana ci ƙwarai. Wanda ya buɗe tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913 zai ga abin da ya fi haka muni. Amma kun manta da mai bayarwa. Kakarmu tana ba da labarin Dodo ne muna jingine da cinyarta, idonta na kan fuskokinmu. Idan ta ga autan ya fara raɓewa, sai ta sassauta murya, ta gajarta wurin, ta jawo Gizo da tsamin bakinsa a yi dariya. Dodon ma kowa ya zana nasa ne a zuciya, daidai abin da zai iya ɗauka. Kuma ita da ta kawo tsoron ita ce za ta rufa maka zane ka kwanta. Yau yaro na can ƙuryar ɗaki a Nyanya ko Kubwa da waya a hannu, uwa na kicin, uba na cikin cunkoson hanya, Dodon da kuka zana da hannunku yana cika masa ido, babu mai dubawa. Allah ya jiƙan tsofaffin nan. Ba su san kwamfuta ba, amma sun san yaro, abin da na ga yana neman ɓace muku.

Magabata na rubutu ma haka suka yi. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya domin 'yan makaranta da suka iya karatu, ya san wanda zai riƙe littafin. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni zaɓe ya yi, bai kwashe duk abin da ya ji ya zuba wa yara ba.

Wani laifin kuma gudu ne da hayaniya. Hoto bai gama zama a ido ba kun sauya shi, kowane minti ana tsere, ana faɗuwa, ana ihu. A 2011 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia da abokiyar aikinta sun nuna wa 'yan shekara huɗu minti 9 kacal na SpongeBob, nan take natsuwarsu da iya bin umarni suka ragu idan aka gwada su da waɗanda suka kalli shiri mai tafiya a hankali ko suka yi zane. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana. Fim na awa ɗaya da rabi ya haura wannan tun kafin a kai ƙarshensa. Ku dubi Sesame Square da aka fara nunawa a NTA a 2011: gajerun sassa, maimaici, magana a sarari.

Ku kuma masu fassara zuwa Hausa, ku ji tsoron Allah. Kun sa ashar a bakin zomo, kun ba dila habaicin kishiyoyi, kunkuru yana zancen zawarci. Samarin majalisa kuke ba dariya, amma yaro ne ke haddacewa ya je ya faɗa wa malamarsa. Wannan ba gwaninta ba ce, rashin ta-ido ne.

Ku yi haƙuri, na ɗan yi zafi. Ba ina cewa ku daina fim ɗin kasada ba ne. Ɗan shekara bakwai ko takwas yana son kura ta biyo zomo, yana da ƙarfin jira ya ga ƙarshe, ku yi masa, ku yi da kyau. Na 'yan nazare ne nake roƙon ku ware daban: gajere, mai haske, matsalar ƙarama a warware ta kafin hankali ya tashi, uwa kuma tana nan da ranta.

Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, hedikwatarta na nan Abuja. Tana da alamar G ta kowa da kowa, da PG ta kallo tare da iyaye, daga nan sai 12. Babu wadda ta raba ɗan shekara uku da ɗan shekara tara, ga shi yawancin aikinku ta YouTube da masu tura fim a waya yake isa gidaje. Saboda haka ku rubuta shekarun da kanku, da Hausa, a jikin fasta da kan sunan bidiyon, ku ƙara layi ɗaya idan akwai mutuwa ko wurin firgita. Kafin ku saki fim kuma, ku nemi izinin wata makarantar nazare da na iyaye, ku nuna wa yara goma. Ku juya wa allon baya, ku kalli fuskokinsu, ku rubuta mintin da aka fara neman malama. Idan kun sa rana ku aiko mini, zan zo in Allah ya yarda.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani tsohon mai shirya shirin yara a rediyo,
Kubwa, Abuja.