Folda Mai Gyara Hoto Da Kanta: Kada Garin Neman Gira Mu Rasa Ido

Tun bayan ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Gwange, Shehuri, Kasuwar Monday har zuwa fadar Shehun Borno, mutanen Maiduguri sun fahimci cewa takarda ba ta da tabbas. Hotunan aure da na suna, shaidar kammala makaranta, takardun fili, da yawa sun tafi da ruwa, waɗanda suka tsira kuma sun yi tabo. Shi ya sa a yau iyalai da ƙungiyoyi irin tamu ke ta sikanin abin da ya rage suna zubawa a kwamfuta. Wannan abu ne mai kyau, amma akwai gyara a yadda ake yin sa.

Matasanmu masu shagunan kwamfuta da na ɗaukar hoto sun fara amfani da wata dabara da ke rage wahala. Ana ware folda guda a kwamfuta, a sa wata manhaja ta riƙa gadinta. Duk hoton da aka ajiye a ciki, nan take manhajar za ta rage girmansa, ta daidaita haskensa, ta sauya masa suna, ta buga masa tambarin shago ko na ƙungiya, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A kwamfutocin Mac akwai Folder Actions da ke yin haka, masu Photoshop suna da Droplet wanda ake jefa wa hotuna ya gyara su a jere, akwai kuma ImageMagick wadda kyauta ce.

Ba mu da ja a kan amfanin wannan dabara. Duk wanda ya ga layi a shagon kwamfuta lokacin rajistar WAEC ko NECO ya san yadda ake ɓata lokaci wajen matse hoton fasfo ɗaya bayan ɗaya don shafin intanet ya karɓa. Hoton waya mai nauyin megabait huɗu ko biyar sai an mayar da shi 'yan kilobait. A garin da ya sha zaman duhu bayan an lalata turakun wutar hanyar Damaturu a 2021, kuma har yau janareta ke riƙe da shaguna da dama, duk mintin da aka rage kuɗin mai ne aka tsira da shi.

Matsayinmu dai shi ne: a bar manhaja ta yi aiki a kan kwafi, kada a taɓa ba ta asalin hoto. Dalilanmu uku ne.

Na farko, manhaja ba ta tambaya kafin ta aikata. Umarnin mogrify na ImageMagick, idan ba a nuna masa wata folda ta daban ba, a kan asalin fayil yake rubuta sabon. Hoton kakanka da aka yi sikaninsa da kyau zai koma ƙaramin abin da bai wuce na fasfo ba, kuma babu hanyar dawo da abin da aka zubar. Tsarin JPEG ma haka yake, duk lokacin da aka gyara hoto aka sake ajiye shi, wani abu na ingancinsa ya tafi ke nan.

Na biyu, hoto yana ɗauke da bayanan da ido ba ya gani: ranar da aka ɗauke shi, irin wayar ko kyamarar, wani lokaci har da wurin. Ga hoton da za a saka a Facebook, goge waɗannan bayanai hikima ce, musamman a yankin da kowa ya san halin tsaronsa. Amma ga hoton gidan da ruwa ya rusa, ko shagon da ya ƙone kamar yadda aka gani a gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023, ranar nan ita ce shaidar mai dukiya idan ana maganar tallafi. Mu kuma lura, hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ya riga ya rasa waɗannan bayanai da kuma ingancinsa, sai dai in an tura shi a matsayin fayil.

Na uku shi ne ya fi damun mu. Manhajojin da ke “ƙawata” fuska ba su san mu ba. Suna ɗaukar tsagar gado tamkar tabo su shafe ta, su ƙara wa baƙar fata haske, su goge tamojin tsufa. Tsagar da ke fuskar dattijo Babarbare ko Bahaushe ita ce ke faɗin asalinsa. Idan muka bar na'ura ta share ta daga hotuna ɗaruruwa cikin dare ɗaya, jikokinmu za su gaji fuskokin da ba na kakanninsu ba.

Wasu za su ce ajiye hoto biyu cin wuri ne, kuma ma'ajiyar kwamfuta kuɗi ce. Gaskiya ne. Amma ana iya sayen wata ma'ajiyar gobe, hoton marigayi kuwa ba a sake ɗaukarsa.

Don haka ga shawararmu ga masu shaguna da sakatarorin ƙungiyoyi. A buɗe folda biyu, ɗaya ta asali wadda manhaja za ta karanta kawai, ɗaya ta gyararru inda za ta zuba aikinta. A gwada kowane sabon tsari da hotuna biyar kafin a sakar masa dubu. A kashe duk wani gyaran fuska na kai tsaye. A ajiye kwafin asali a wani wuri daban, ko a intanet ko wajen ɗan uwa a Kano ko Damaturu, domin ruwan da ya ci takarda zai iya cin kwamfuta. Ku kuma iyaye, idan kun kai hoto shago, ku ce a ba ku asalin sikanin tare da wanda aka gyara. Haƙƙinku ne.

Allah ya kare mu daga maimaituwar irin wannan ibtila'i, amin.