Ɗan Dako Ya Fi Injin Dacewa

Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar da ke jiran masana harshe ita ce: da waɗanne kalmomi za a koyar da kimiyya? Garin Arlit ya isa wurin gwaji. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙar yuraniyom a can a 1971, COMINAK kuwa ya rufe ramin Akouta a 2021. Tsofaffin leburori da suka shekara suna shaƙar ƙurar dutse suna da haƙƙin fahimtar abin da take yi a huhunsu, cikin harshen da suke ciniki da shi.

Ga misali guda. A cikin yawancin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai siraran hanyoyi da ake jan kaya a kansu. Sunadarin kinesin, wanda Ronald Vale da abokan aikinsa suka gano a 1985, yana da ƙafafu biyu. Kowane taku nanomita 8 ne, kuma yana ƙona ƙwayar ATP ɗaya. Dynein shi ke komo da kaya wajen cibiya. Idan ƙwayoyin da ke share huhu suka haɗiye ƙura, ta waɗannan hanyoyi ake kai ta inda za a narkar da ita, sai dai dutse ba ya narkewa.

Littattafan Faransanci da na Ingilishi suna kiran waɗannan sunadarai injina, kuma mai fassara zai yi saurin bin sahunsu. Wannan kuskure ne, dalilinsa kuma daga kimiyyar yake. Babbar motar da ta taso daga Arlit zuwa Tahoua, in aka kashe injinta, takan ci gaba da gangarawa. A cikin ƙwaya ruwan yana da kauri matuƙa idan aka auna shi da ƙanƙantar kayan, saboda haka da an daina ja, kaya ya tsaya cak. Ɗan dako kuma haka yake: taku bayan taku, kowane taku da kuɗinsa, in ya tsaya kaya ya tsaya. Me ya sa ake buƙatarsa? Domin lokacin bazuwar abu da kansa yana ninkuwa huɗu duk sa'ad da nisa ya ninka biyu. A jijiyar da ta kai mita ɗaya, sunadari zai shafe ɗaruruwan shekaru yana yawo, ɗan dako kuwa ya isar da shi cikin kwanaki.

Masu suka za su ce ɗan dako yana da niyya, sunadari ba shi da ita. Gaskiya ne, amma injin ma yana sa ɗalibi ya nemi direba. Kowace siffantawa tana da gurguwar ƙafa. Abin dubawa shi ne wadda ta fi kusa da yadda abin yake motsi. A yankin da ayarin gishiri ke zuwa Bilma har yau, kalmomin zango, kaya da dako suna bakin kowa, kuma Tamajak tana da nata waɗanda ya kamata a tattara tare da su.